Amsa kan sanya ɗigo a cikin PATH

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ƙanenmu na Samaru ya yi tambaya jiya da daddare, ya ce ya gaji da rubuta ./ a gaban kowane shirin da ya haɗa a Linux, shin zai iya ƙara ɗigo a cikin PATH ya huta? Ƙanena, don Allah kada ka yi haka.

PATH jerin foldoji ne da aka raba da alamar ruwa biyu. Idan ka buga ls, wato umarnin nuna jerin fayiloli, bash, shirin da ke karɓar umarninka, yakan bi jerin daga hagu zuwa dama, kuma fayil na farko da ya tarar da wannan suna shi zai tayar, ba ruwansa da wanda ya ajiye shi. Ɗigo kuwa yana nufin duk foldar da kake ciki a lokacin. Ka ɗauka ka shiga /tmp, inda kowa ke da izinin ajiya, alhali wani ya riga ya jefa nasa shirin ya raɗa masa suna ls. In ɗigon na gaba, shirinsa ne zai gudana da ikonka, in kuma kana matsayin root, wato mai cikakken iko a kan na'ura, ka damƙa masa na'urar baki ɗaya.

Wasu kan ce a mayar da ɗigon ƙarshen jeri, shi ke nan. Da idona na ga yadda wannan dabara ta ci wani malami a wata cibiyar koyar da kwamfuta a Sabon Gari. Wani ɗalibi ya ajiye fayil mai suna sl, ya zuba ido. Malamin yana cikin sauri, yatsa ya zame ya buga sl maimakon ls a foldar da fayil ɗin yake, shirin ya kwafe tambayoyin jarrabawa, sannan ya nuna masa jerin fayiloli kamar ba abin da ya faru. Sai da muka kwana uku kafin muka gano bakin zaren.

Akwai kuma tarkon da ya fi ɓuya: ruwa biyu a farkon jeri, ko a ƙarshensa, ko guda biyu manne da juna, bash yana ɗaukar wannan gurbi daidai da ɗigo. Hakan kan faru idan ka liƙa wa PATH wani suna (variable) da babu komai a cikinsa.

Shirye-shiryenka ka zuba su a ~/.local/bin, ka tabbatar kai kaɗai ke da izinin rubutu a wurin, ka sa ta a ƙarshen jeri. Umarnin type -a ls zai nuna maka duk inda sunan yake, bi da bi. Abin da cron (shirin da ke tayar da ayyuka a lokacin da aka tsara) ko root zai gudanar kuwa, a rubuta cikakken adireshinsa, kuma layin secure_path da ke cikin /etc/sudoers, wato PATH ɗin da ake bi idan aka ari ikon root da umarnin sudo, a bar shi yadda yake.

Ka buga echo $PATH, ka turo mana abin da ya fito a nan zauren, zan duba maka bayan la'asar in Allah ya yarda.