Wai da gaske a Amurka kamfanoni na cin riba da fursunoni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanin maigidana da ke zaune a Amurka ne ya ce mana wai can gidan yari ma kasuwanci ne, kamfani ke riƙe da shi, kuma ko gida fursuna zai kira sai an biya kuɗi masu yawa. Ni dai na ɗauka zuƙi ta malle ce. Don Allah da gaske ne? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, wallahi gaskiya ya faɗa miki. Akwai kamfanoni irin su CoreCivic da aka kafa a 1983 a jihar Tenesi, da GEO Group, gwamnati ke ba su kwangila su tsare mutane ana biyansu, kin ga kenan gado in ba kowa a kai asara ce a wajensu. Amma fa ba duka ba ne, kusan kashi 8 cikin 100 na fursunonin ƙasar ne ke hannunsu, sauran na gwamnati ne.

Inda abin ya fi ci min rai shi ne maganar wayar nan, don ita har a gidajen yarin gwamnati ake yi. Kamfani ɗaya tak ake ba kwangilar layin, fursuna ba shi da zaɓi, kuma a baya, shekara da shekaru, a wurare da yawa kamfanin ya riƙa yankar wa hukumar gidan yarin nata kason daga kuɗin kiran, to wa zai ce a rage? Mai biya kuwa uwa ce ko mata da ke waje tana fama da haya da cefane, ta tura kuɗi a akawun don dai ta ji muryar ɗanta na minti 15, ana tsaka da gaisawa layi ya katse.

A kotu ma haka, wanda ba shi da kuɗin beli sai ya je wajen kamfanin tsayawa beli su karɓi wajen kashi 10 cikin 100 na kuɗin belin, ko an wanke shi kuɗin nan sun tafi kenan.

Wata tsohuwa makauniya a Washinton, Martha Wright, ita ta shige gaba aka kai ƙara a 2000 saboda tsadar magana da jikanta da ke tsare. Sai a Janairun 2023 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunanta, wadda ta ƙara wa hukumar sadarwa ta FCC ikon ƙayyade farashin, baiwar Allah ita kuwa ta rasu tun 2015.