Wayata ta fassara guba da kyauta

Tambaya: Malam, na sayi maganin ɓera, a jikin kwalin an rubuta Gift da manyan baƙaƙe. Na sa kalmar a manhajar fassara ta ce mini "kyauta", wani abokina da ya zauna a Jamus kuma ya ce guba ake nufi. Wayar ce ta samu matsala?

Amsa: Wayarka lafiyarta ƙalau, abokinka kuma gaskiya ya faɗa. Abin da ya faru shi ne ka bar manhajar ta gano harshen da kanta, ka kuma ba ta kalma ɗaya tilo, sai ta yi canke ta ɗauka Ingilishi ne. Yawancin harsunan Turai baƙaƙen Latin suke rubutu da su, amma kowane da yadda yake furta su da abin da yake nufi. Gift a Ingilishi kyauta ce, a Jamusanci guba. Mutanen Suwidin kuwa "yift" suke cewa, kuma kalmar tana nufin guba, tana kuma nufin mai aure. Wannan dai na bar wa magidanta su yi sharhi.

Irinsu suna da yawa. Burro a Italiya man shanu ne, a Sifen jaki. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun san pain burodi ne a Faransanci, alhali Bature na Ingila ciwo yake nufi da ita. Mu ma muna da namu: rubuta "gari" kaɗai, wa zai ce na tuwo ne ko na zama?

Don haka ka zaɓi harshen da hannunka, kada ka bar wa na'ura. Ka sa jimla cikakkiya, ko ka ɗauki hoton kwalin gaba ɗaya, don kalmomin da ke kewaye su ne ke nuna mata hanya. In magani ne ko guba, ni ban yarda a dogara da waya kaɗai ba, a nemi wanda ya iya harshen.

Tambaya: Wayata tana karanta mini saƙon Faransanci da wata irin murya da ba na ganewa.

Amsa: Muryar Ingilishi ce aka ɗora mata. Shi ya sa chat, wato kyanwa, da ake furtawa "sha", take karanta ta kamar chat ta Ingilishi, wato hira. Shiga saitin waya, sashen harshe, ka sauke muryar Faransanci ka zaɓe ta.