Naɗar Labarin Mahaifiya a Waya: Yana da Amfani ga Mai Gigin Tsufa?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyata ta kai shekara 78. Bara muka kai ta asibiti aka ce tana da ciwon mantuwa, wanda suka kira dimenshiya. Sai ta ci abinci yanzu, an jima ta ce tun safe ba a ba ta komai ba. Amma idan ta ɗauko labarin ƙuruciyarta a ƙauyensu, da yadda aka kai ta ɗakin miji a kan doki, sai ka rantse lafiyarta ƙalau. Ɗana da ke jami'a ya ce mu riƙa naɗar muryarta a waya, shi kuma ya haɗa da tsofaffin hotunanta ya yi ɗan bidiyo, wai a ƙasashen waje haka ake yi wa tsofaffi. Yayana ya ce sam, wannan tonon silili ne. Don Allah yana da amfani? Zai iya dawo mata da tunaninta?

Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da ita.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don kada ki sa rai inda babu. Naɗar labari ba zai dawo wa Hajiya da tunaninta ba, ba kuma zai tsayar da ciwon ba. Amma yana da amfani, kuma ina ba ku shawarar ku yi, ku fara cikin makon nan ma idan da hali. Yayanki kuma yana da tasa gaskiyar, zan zo kanta.

Abin da kika gani, wato ta manta tuwon ɗazu amma tana tune da ranar aurenta, haka ciwon yake. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ke karɓar sabon abu ya adana shi, kuma a cutar Alzaima, wadda ita ce ke jawo kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu dimenshiya, wannan sashen yana cikin waɗanda ake fara taɓawa. Abin da aka riga aka adana tun shekaru hamsin ko sittin ya bazu a wasu wuraren, shi ya sa yake daɗewa bai goge ba. Tun 1881 wani masani ɗan Faransa, Théodule Ribot, ya bayyana cewa mantuwa tana fara cin sabo kafin ta kai ga tsoho. Masu bincike sun kuma lura cewa tsofaffi sun fi tuna abin da ya same su tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsu. Ga Hajiya, wannan ya kama daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa ƙarshen na 1970. Kin ga lokacin samun 'yancin kai ke nan a 1960, da rasuwar Sardauna a 1966, da canjin hannun tuƙi a 1972, da canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973. Tsofaffinmu da irin waɗannan suke lissafin shekaru, kuma su ne ƙofofin da za ku bi ku shiga labarinta.

Abin da ɗanki ya gani kuwa gaskiya ne ana yi. A farkon shekarun 1990 wasu mutum biyu a jihar Kalifoniya ta Amurka, Dana Atchley da Joe Lambert, suka fara koya wa mutanen gari yadda za su haɗa ɗan gajeren labarin rayuwarsu na minti biyu zuwa uku, da muryarsu da hotunansu, a kwamfuta. A 2001 BBC ta ɗauki tsarin ta zagaya da shi garuruwan yankin Wales. Akwai kuma StoryCorps, wadda Dave Isay ya kafa a 2003, inda mutum biyu da suka san juna ke zama su yi hira a naɗa, a ajiye kwafi a babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, kuma daga baya ta buɗe shiri na musamman don masu ciwon mantuwa. Tushen abin ya girmi kwamfuta. A 1963 wani likitan ƙwaƙwalwa, Robert Butler, ya yi rubutu yana cewa yawan waiwayen da tsoho ke yi ba shirme ba ne, aiki ne da zuciya ke yi don ta daidaita lissafin rayuwarta. Kafin nan, a asibitocin Turai da Amurka, ana yawan ɗaukar wannan waiwaye a matsayin alamar lalacewar hankali.

To me bincike ya nuna? A 2018 ƙungiyar Cochrane, mai tantance sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 22 da aka yi da mutum kusan 2,000 masu dimenshiya a kan zaman tuna baya. An ga ɗan ci gaba a walwala da iya hira da jin daɗin rayuwa, amma ci gaban kaɗan ne, kuma ya danganta da yadda aka yi zaman da inda aka yi shi. Ina gaya miki haka ne don kada wani ya zo muku da wata manhaja ya ce magani ce. Binciken da ya fi taɓa ni shi ne wanda aka yi a Jami'ar Iowa a 2014. An nuna wa masu cutar Alzaima gutsattsarin finafinai masu sa dariya da masu sa baƙin ciki. Bayan ɗan lokaci da yawansu sun manta abin da suka kalla, ɗaya daga cikinsu ma ya manta an nuna masa wani abu, amma farin cikin ko baƙin cikin yana nan tare da su. Ma'ana Hajiya za ta iya manta kun zauna da ita da hantsi, amma sanyin da ta ji a zuciyarta zai iya kai ta azahar. Haka nan idan aka ɓata mata rai, za ta iya daɗewa a ƙuntace ba ta san dalili ba.

Saboda haka babban abin da nake roƙonku shi ne kada zaman ya zama jarrabawa. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a wajen iyalai masu kyakkyawar niyya. A miƙa wa tsohuwa hoto a ce, "Kin tuna wannan? Wane ne wannan? Haba Hajiya, ɗanki ne fa!" Sai ka ga ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi, ko ta fusata ta ce a ƙyale ta. Ta san ana son wani abu daga gare ta, ta san kuma ba ta da shi, kuma kunyar hakan tana da ciwo. Ku bar "kin tuna" gaba ɗaya. Ki riƙe hoton ki faɗi abin da ke ciki da kanki: "Ga ki nan ranar sunan Yaya, dubi ɗaurin ɗankwalin nan." Sai ki yi shiru. Shirun zai yi miki tsawo, ki daure, domin kalma tana ɗaukar lokaci kafin ta iso bakinta.

Sau da yawa ma kayan hannu sun fi hoto aiki, musamman ga matan zamaninta da ba su da hotunan ƙuruciya da yawa. Na taɓa zama da wata dattijuwa da 'ya'yanta suka ce ta kusa daina magana. Jikarta ta ɗauko mazari da 'yar auduga ta ajiye mata a cinya. Ba wanda ya ce mata komai. Ta juya shi, ta lashi yatsa, ta murza, sai ga hannun ya kama kaɗi. Can sai ta fara faɗin sunan kasuwar da take aika zare, da nawa ake sayen sa, da yadda ta tara kuɗin ta sayi tasa. Ku duba ɗakin Hajiya: tsohuwar kwalla, taskira, zanen saƙi, ƙamshin turaren wuta ko na daddawa, duk suna iya buɗe mata baki. Haka waƙoƙin gaɗa da na daka da na biki, da surorin da ta haddace tun tana makarantar allo, domin waƙa da abin da aka haddace da rauji suna cikin abubuwan da ke daɗewa ba su ɓace ba.

Wa zai yi hirar? A ganina ɗanki ya fi ku dacewa, ke da yayanki. Tsakanin uwa da 'ya'yanta akwai kunya, musamman ɗan fari, amma tsakanin kaka da jika wasa ne. Abin da ba za ta taɓa gaya miki ba game da zaman gidan miji, za ta iya gaya wa "maigidanta" tana dariya. Sai dai ki ja masa kunne a kan abu ɗaya: idan ta ƙi ambaton sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ta ce "Malam" ko "wannan yaron", alkunya ce, kada ya ɗauka mantuwa ce ya matsa mata.

Idan ta haɗa labari biyu wuri guda, ko ta ce abin da ya faru a Zariya a Katsina ya faru, ku bar ta. Ba shari'a ake yi ba. Idan ta maimaita labari sau biyar, ku saurara sau biyar, galibi wanda ake maimaitawa shi ne ya fi muhimmanci a wajen mai shi. In kuma ciwon ya yi nisa har tuna bayan ma ya gagara, akwai wata hanya da Anne Basting ta fito da ita a Amurka a ƙarshen shekarun 1990, mai suna TimeSlips, inda ake nuna hoton da ba a san kowa a ciki ba a ce mutum ya ƙaga labari a kai, babu amsar da ba daidai ba. Mu wannan ba baƙo ba ne a wajenmu. Jika ya ce, "Kaka, ga ta nan ga ta nanku," ya ga ko za ta amsa da "ta zo mu ji ta", sai a bar Gizo da Ƙoƙi su je duk inda ta kai su.

Wajen aikin kansa ba a buƙatar kayan tsada. A zauna da hantsi bayan ta karya, a guji tsakanin la'asar da magariba, domin masu wannan ciwo da yawa sun fi rikicewa da yamma. Minti 15 zuwa 20 ya isa. A kashe rediyo da fanka mai ƙara, a rufe layin wayar don kada kira ya katse, a ajiye ta a kan matashi kusa da ita. Ku fara da murya kawai, kyamara tana sa mutum ya takura. Idan tana da tabarau ta sa, kuma mai magana ya zauna ta gefen kunnen da ta fi ji. Daga baya ɗanki ya zaɓi labari guda, ya yanke shi zuwa minti biyu ko uku, ya ɗora hotuna kaɗan da ke sauyawa a hankali, kada ya sa kiɗa a ƙarƙashin muryarta. In za a nuna mata, wani ya zauna kusa da ita yana duban fuskarta. Wasu idan ciwon ya yi nisa ba sa gane fuskarsu ta tsufa, har su tsorata da ita, amma su gane ta ƙuruciya. In kun ga haka, a tsaya a kan tsofaffin hotunan.

Waiwaye yana iya tono miki. Matan zamaninta da yawa sun binne 'ya'ya, sun ga yunwa, sun zauna da kishiya. Hawaye kaɗan ba laifi ba ne, ki riƙe hannunta. Amma idan kin ga ta firgita ko tana neman tashi, a kashe wayar a sauya magana. Idan ta tambayi wanda ya rasu kamar yana raye, kada a yi mata sabuwar sanarwar mutuwa, domin kowane karo sabon makoki ne a wajenta. Ki ce, "Kina kewarsa ko? Ba ni labarinsa."

Yanzu maganar yayanki. Tsoronsa yana kan hanya. Duk mun ga yadda ake ɗaukar tsoho yana magana a rikice a watsa a TikTok ana dariya, kuma a wasu wurare a Najeriya da Gana tsofaffin mata masu wannan ciwo har maita ake laƙaba musu. Labarin na Hajiya ne, ba naku ba. A nemi izininta a duk zama da kalmomi masu sauƙi: "Hajiya, ina so in ɗauki muryarki don jikoki su ji, kin yarda?" In ta ce a'a, ko ta kau da kai, an fasa ke nan a ranar. Ku kuma auna da halinta na da: matar da ba ta taɓa yarda baƙo ya gan ta ba mayafi ba, ba za a ɗauke ta ba ɗankwali don yau ba ta lura ba. Duk abin da ta faɗa na sirrin wani, ko wanda da tana cikin hayyacinta ba za ta faɗa ba, a goge shi. Kada a tura a zauren WhatsApp na dangi, domin abin da ya shiga waya talatin ya fita hannunku. Ki zauna da yayanki ku yi wannan yarjejeniya, ki ba shi ikon sauraron komai kafin kowa ya ji, ki kuma roƙe shi ya halarci zama ɗaya, ko daga bakin ƙofa ne.

Wannan duk ba ya maye gurbin asibiti. A ci gaba da kai ta, a kula da hawan jini da sukari idan tana da su. Idan kuka ga ta rikice fiye da kullum cikin kwana ɗaya ko biyu, tana yawan barci ko tana ganin abin da babu, kada ku ce ciwon ne ya ƙaru. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wani magani da ta sha, kuma ana warkar da su idan an je da wuri.

Abin da kuka naɗa kuma kada ya zauna a waya ɗaya, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Ɗanki ya sa wa kowane zama kwanan wata da sunan labarin, ya kwafe a katin ajiya da kwamfuta, ya ba yayanki kati ɗaya ya adana a wajensa. Allah Ya ƙara wa Hajiya sauƙi.