An tsayar da ni da dare a hanyar Bodinga, mene ne haƙƙina?

Malam, ka ce 'yan sanda sun tare ka da dare kana dawowa Sakkwato, suka bincike motarka, suka nemi wayarka.

Suna da hurumin tsayar da kai. Ka rage fitilun gaba, ka kunna ta ciki, ka ɗora hannuwanka kan sitiyari. Da halin tsaron yankinmu, hankalin ɗan sanda mai bindiga a tashe yake, don Allah kada ka zarce. Ka miƙa lasisi da takardun mota.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce kafin bincike jami'i ya faɗi sunansa, ofishinsa da dalilinsa. Ka tsaya kusa da but ɗin motarka, idonka kan hannunsa har ya gama. Batun waya kuwa, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrinka. Ka tambayi dalili cikin ladabi, ban da fizge-fizge.

In suka tafi da kai ofis, kana da damar yin shiru sai lauyanka ya zo, kuma beli kyauta ne. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. In babu kuɗin lauya, 'yan'uwanka su nemi Legal Aid Council, hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam.