Tambaya da Amsa: Yarona ya sayi littattafai da katin kawunsa a Kindle

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min da shawara. Yayana da ke Amurka ne ya zo hutun sallah ya bar wa yarona ɗan shekara 9 tsohuwar Kindle ɗinsa, irin mai baƙi da fari ɗin nan ta karatu zalla, kuma wlh na ji daɗi don ko kwana nawa aka yi ba wuta ba ta mutuwa kamar waya. To jiya sai ga kiran Yaya wai alat yake ta gani an sayi littafi har huɗu da katinsa, ashe yaron nan ya jona ta da hospot ɗin wayata yana ta danne-danne. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Babansa ya ce a ƙwace kawai, ni kuma ban so, tunda ya same ta ya rage kallon katun. Ya zan yi in kulle ta?

Wata uwa daga Agege

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki lallashi maigida kar a ƙwace, yaron da ke neman littafi da kansa a garin nan da kowa ke kan TikTok ai sai hamdala. Kuma laifin ba nashi ba ne shi kaɗai, kantin Kindle dannawa ɗaya ne an saya, ba ya tambayar lambar kati matuƙar akawun ɗin mai ita na ciki, shi kuma Yaya ya miƙa ta yadda take.

Ki fara kiran Yaya yau ɗin nan, a Amurka Amazon, kamfanin da ke yin Kindle, na karɓar littafin da aka saya bisa kuskure cikin kwana 7, don haka ya shiga akawun ɗinsa ya mayar kafin lokaci ya ƙure.

Sai batun kullewa. Ki shiga Settings, ki nemi Parental Controls, za ta ce ki saka lambar sirri. A nan za ki ga inda ake rufe kantin sayen littafi da birawuza da kuma rumbun littattafan Yaya da ke ajiye a intanet, wanda mutane ke mantawa da shi alhali littafin babban mutum ba duka ne ya dace da ɗan aji huɗu ba. Rufe ukun nan kaɗai ya kashe matsalar alat. Amma abin da na fi so shi ne Amazon Kids, a wajen dai za ki gan shi, ki buɗe wa yaron shafinsa da sunansa, ke za ki zaɓi littattafan da zai gani ɗaya bayan ɗaya, ba kanti ba intanet, kuma ba zai iya fita daga ciki ba sai da lambar. Har ki saka masa minti nawa kike so ya karanta a rana, ta riƙa nuna miki ko ya cika, in ya yi ƙoƙari ta ba shi lambar yabo, yara kuwa kin san su da son wannan.

Wasu za su ce ki cire akawun ɗin Yaya gaba ɗaya ki saka naki. Ni dai ban ba ki wannan shawarar ba, don da kin cire littattafan da ya saya za su bi shi su tafi, ga shi kuɗinsu da dala ne. Ki bar shi ya riƙa saya daga can kina tura wa yaro daga nan. Kuma kar wani ɗan kasuwa a Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfuta ta Legas, ya ce miki sai kin sayi Kindle Kids sabuwa, ita ɗin da ta fito a 2019 Kindle ce dai da riga da rajistar littattafan yara, makullin nan yana cikin ta hannunki.

Lambar sirrin fa, dan Allah ban da shekarar haihuwarsa, ban da wadda kike buɗe waya da ita, yaran Legas ɗin nan ta gefen ido suke haddace yatsan mutum, ɗiyar ƙanwata tana kwance kamar mai barci ta kwashe tawa tsaf. Ki rubuta ta ki ajiye inda kike ɓoye kuɗin adashe, don in kika manta sai an goge komai an faro daga farko. Ki kuma canza fasiwod ɗin hospot ɗinki, littafin da aka riga aka sauke ba ya buƙatar data.

Masu yaran da ke karatu a tablet ta Android, naku Family Link ne na Google, masu iPad kuma Screen Time, duka biyun suna kulle allo idan lokacin barci ya yi. Ke kuma maman Agege, Kindle ɗin yanzu na da haskenta na ciki, ana karatu da ita ƙarƙashin bargo ba wanda ya sani, don haka bayan isha'i ki karɓa ki ajiye a ɗakinki sai ya dawo Islamiyya gobe.