Me ya sa dukana ba ya nisa a wasan besbol?

Ɗan'uwa, ka ce hannunka na da ƙarfi amma ƙwallon ba ta wuce tsakiyar fili, kuma kwankwasonka na ciwo bayan atisaye. Da alama da hannu kaɗai kake duka, alhali ƙarfin daga ƙasa yake tasowa: ƙafa, ƙugu, gangar jiki, sannan sanda. Ted Williams, shahararren tsohon mai dukan ƙwallo na ƙungiyar Boston Red Sox ta Amurka, ya sha nanata cewa ƙugu ne ke gaba, hannu na biye.

Idan mai jefo maka ƙwallo ya ɗaga ƙafa, mayar da kusan kashi 60 na nauyinka kan ƙafar baya, amma kada gwiwar ta fita wajen tafin ƙafa. Yi gajeren taku da ƙafar gaba, ka sauka kan yatsu. Da zarar dunduniyar gaba ta taɓa ƙasa, ƙugu ya fara juyawa, kafaɗu kuwa su ɗan jinkirta. Wannan jinkirin shi ne sirrin, domin yana ɗaure tsokokin ciki kamar danko kafin a saki. Lokacin haɗuwa da ƙwallo ƙafar gaba ta miƙe ta tokare. In gwiwar ta lanƙwashe, ƙarfin ya zube.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne murza ƙafar baya a wuri ɗaya, nauyi bai koma gaba ba. Dunduniyar baya da kanta take ɗagawa, ƙugu ne ke janyo ta.

Sa a ɗauke ka bidiyo daga gefe, koci ya duba. Ciwon kwankwason kuwa, in ya wuce mako biyu ko yana sauka cinya, dakata da atisaye ka ga likitan ƙashi.