Amsa kan dalilin da ya sa maki 90 bai kai Leeds Firimiya ba

Malam, ka tambaya yadda aka yi Leeds United ta tara maki 90 a kakar 2023/24 ta gasar Championship ta Ingila, amma Southampton mai maki 87 ce ta hau Firimiya. Na daɗe ina bibiyar wannan rukuni na biyu, kuma a ganina amsar tana cikin tsarin gasar da abin da ya faru a watan Afrilu.

Ƙungiyoyi 24 ne ke fafatawa, kowacce tana buga wasa 46 daga Agusta zuwa Mayu, wato wasa takwas fiye da na Firimiya, sau da yawa a buga ranar Asabar a sake bugawa tsakiyar mako. Ta ɗaya da ta biyu ne kawai suke haurawa kai tsaye. A kakar 2023/24, daga ta uku zuwa ta shida sai sun shiga wasannin cike gurbi don neman gurbi ɗaya da ya rage, gida da waje, sannan a yi na ƙarshe a filin Wembley, kuma a wannan mataki makin da aka tara ba ya ƙara wa kowa ko ƙwallo ɗaya.

A waccan kakar Leicester City, wadda Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho suke cikinta, ta ɗauki kofi da maki 97. Wadda ta rikita lissafi ita ce Ipswich Town ta koci Kieran McKenna, domin hawowarta ke nan daga rukuni na uku, amma ta kammala da maki 96. Kowa ya zaci Leicester da Leeds da Southampton, waɗanda suka faɗo daga Firimiya suna kuma karɓar kuɗin tallafin da ake bai wa ƙungiyoyin da suka faɗo, su ne za su raba guraben a tsakaninsu, sai Ipswich ta karɓe ɗaya, Leeds da Southampton kuma dole suka shiga wasannin cike gurbi.

Duk da haka, ban yarda a ce tsarin ne ya zalunci Leeds ba, domin damar tana hannunta har Afrilu ya kama. A cikin watan Coventry ta doke ta, Blackburn ta bi ta har gida ta ci ta ɗaya da nema, sannan QPR, wadda ta shafe yawancin kakar tana neman tsira daga faɗawa, ta zura mata huɗu ba ko ɗaya. Abin da na sha gani ke nan a wannan gasa: idan gajiya ta taru a ƙarshen kaka, ƙungiyar da ke ƙasan teburi ta fi ta tsakiya haɗari, saboda ita ma rayuwarta take karewa. Birmingham City ma da maki 50 ta faɗa a kakar, wanda a shekaru da dama ya isa a tsira.

Game da Southampton kuwa, sau uku ta haɗu da Leeds, kuma duka ta yi nasara: 3-1 a Satumba, 2-1 a Elland Road, filin Leeds, ranar rufe gasa, sai 1-0 a wasan ƙarshe na cike gurbi a Wembley ranar 26 ga Mayu, 2024, da ƙwallon Adam Armstrong. Leeds ta sake zama a rukunin, ta zo ta lashe shi a kakar da ta biyo baya da maki 100, a daidai lokacin da Leicester da Ipswich da Southampton duka suka sake faɗowa.